Hannun da Ya Amsa Laifi

Duk wanda ya san babbar riga a cikin birnin Zariya ya san hannun Labaran, ko da bai san fuskarsa ba. A zauren gidansu na Kwarbai yake wuni, shadda a kan cinya, allura tsakanin yatsu, yana fitar da aikin wuyan riga kamar da alƙalami yake zanawa. Mutum ne mai sanyi har ya yi yawa. Idan aka taka shi, shi zai fara ba da haƙuri. Irin sanyin nan ne da ake yabo a majalisa, amma matar gida ita ta san wahalarsa.

Abu biyu ya gada a wurin mahaifinsa: allura da ƙaninsa Rilwanu. Da tsohon zai cika, sai ya kama hannun Rilwanu ya sa a cikin na Labaran, ya ce ga amana nan, ya kuma tuna masa cewa tun kakanni ba a taɓa kiran sunan ɗan gidan nan a gaban alƙali ba. Zage-zagi kuwa, wato mutanen Zariya, a bar su da riƙon sunan gida. Mutum ya kwana da yunwa ba komai ba ne, in dai maƙwabta ba su ji ba.

Rilwanu shi ne auta. Gemu ya fito masa, sa'o'insa sun yi aure sun haihu, amma a wurin Inna, mahaifiyarsu, har gobe yaro ne. An sa shi ɗinki ya ce idonsa na ciwo. An ba shi jari ya cinye a majalisar shayi. A ƙarshe Labaran ya saya masa keke napep, kuma da sunan Labaran da lambar wayarsa aka yi rajista, tunda Rilwanu ko lasisi bai damu ya yanka ba. Daga ranar ya shiga titi yana tuƙi kamar wanda aka biyo da wuƙa.

Shi kuwa Labaran ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Kunya ce ta al'ada, kowa ya sani. "Wannan" take ce masa, in ta yi nisa ta ce "mai zaure". Ya girma bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba, kuma bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

A da, idan jami'an hanya suka kama mai laifi, kotun tafi-da-gidanka suke kai shi, a bakin titi, ƙarƙashin rumfa, masu wucewa na leƙe suna nuna shi da baki. Wannan shi ne abin da ya hana Labaran barci tun da ya sayi keken. Sai zamani ya zo da sauƙi. Aka kafa kyamarori a mahaɗun hanya, in abin hawa ya yi laifi saƙo ya shigo wayar mai shi. In ka buɗe, sai ga wuri biyu na dannawa. Kore yana nufin na amsa laifina, ka biya tara daga wayarka, magana ta mutu. Ja yana nufin ban amsa ba, sai a sa maka ranar zuwa kotu, kuma ka faɗi wanda yake tuƙi.

Labaran ya ga rahama ta sauko. Mutum ne da ko za a yanka shi ba zai dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, amma a ganinsa shaida da baki ake yin ta, a gaban mutane. Yatsa a kan gilashin waya ai ba rantsuwa ba ce. Saboda haka duk lokacin da Rilwanu ya keta danja ko ya tsaya inda aka hana, Labaran sai ya ajiye allura, ya sa babban yatsansa na dama ya danna kore, ya koma ɗinki. Ko faɗa ya daina yi. Rilwanu ma ya daina ba da haƙuri.

Wata safiya Rilwanu ya dawo tun rana ba ta yi zafi ba, abin da ba ya yi. Ya tura keken cikin kangon da ke bayan gida, ya ɗebi bokiti da omo ya hau wanki. Ummukulsum, matar Labaran, ta fita zubar da ruwa ta gan shi. Fitilar gaba ta fashe, ƙarfen gaban ya lotsa, ga guntayen rake sun maƙale a ƙarƙashinsa. Ruwan wankin da ke gangarowa kuma ba launin ƙasa kaɗai gare shi ba.

Kafin ta koma ciki saƙo ya shigo wayar mijinta. Ita ce mai karanta masa, don da Turanci ake rubutowa, ita kuwa malamar firamare ce. Ta karanta, ta riƙe wayar ba ta miƙa masa ba.

"Malam, wannan karon kada ka danna."

"Me suka ce ya yi?"

"Gudu, da bin hannun da ba nasa ba, a mahaɗar Ƙofar Doka, bayan asuba. Ni ba abin da suka rubuta ne ya dame ni ba. Tashi ka je ka dubi keken."

Labaran ya tashi ya je. Bai daɗe ba ya dawo.

"Ya ce akuya ya buge."

"Akuya mai ɗauke da rake?"

"Ummukulsum, in na danna ja, kotu za a kira mu. Kin san halin Inna, hawan jininta ba ya son labari."

"In ka danna kore kuma, kai ne ka bi ta Ƙofar Doka yau da asuba, alhali ina kallonka kana lazimi a kan buzu. Ƙarya ce, Malam, ko da baki ko da yatsa."

Wannan maganar ta sosa masa rai, don ya san inda ta dosa. Ya karɓi wayar daga hannunta a hankali, kamar yadda yake yin komai, ya danna kore. Ya yarda da zancen akuya ne don shi ya fi sauƙin yarda. Rilwanu kuwa ya ɗauke keken ya kai gidan wani abokinsa, ya dawo ya lafe a ɗakin Inna yana cewa zazzaɓi ke damunsa.

Ranar Asabar da hantsi mazan unguwa suka ɗunguma ɗaurin aure Ƙofar Kibo. Labaran bai je ba, akwai rigar da ya yi alkawarin gamawa. Lungun ya yi tsit, sai kukan kaji. Daga cikin gida yana jin Inna tana lallashin Rilwanu ya ƙara koko, yana jin Rilwanu yana dariya, dariyar da ba ta yi kama da ta mai zazzaɓi ba.

Aka yi sallama. Mutum biyu ne, ƙarfafa, fuskokinsu sun sha rana, ƙafafunsu duk ƙura. Kallo ɗaya za ka yi musu ka san daga ƙauye suke. Babban yana riƙe da waya, ƙaramin yana rataye da buhu. Labaran ya ɗauka masu kawo ɗinki ne, ya janyo tabarma ya shimfiɗa musu.

Ba su zauna ba.

"Kai ne Malam Labaran?"

"Ni ne. Bismillah, ku zauna mana."

"Sunana Zulkiflu. Wannan ƙanina ne, Inuwa. Mu 'ya'yan Malam Jibril ne mai rake."

"Allah sarki. Ban gane shi ba."

"Ai ba ka tsaya ka dubi fuskarsa ba, ina za ka gane shi."

Zulkiflu bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da abin ya zo da sauƙi. Ya faɗa masa komai kamar mai karanta sanarwa. Mahaifinsu ya taso daga ƙauye da asuba da rake a bayan kekensa, kamar kullum. A mahaɗar Ƙofar Doka napep ya fito ta hannun da ba nasa ba, ya kwashe shi, ya ja shi a kan kwalta, bai tsaya ba. Ƙugu ya karye, kai ya fashe. Ya yi ta fama a asibiti har jiya ya cika, sun binne shi da yamma. Wani mai shayi ya riƙe lambar napep ɗin. Sun kai wa hukuma, an ce su yi haƙuri a yi bincike. Sai wani ɗan garinsu da ya san waya ya sa lambar a shafin tara.

Ya juyo da wayar ya kara ta a fuskar Labaran.

"Ga sunanka. Ga unguwarku. Ga wurin, ga lokacin. Ga inda aka ce ka amsa da kanka. Ba wanda ya matsa maka. Ka kashe mana uba, ka biya kuɗin gudu, ka dawo ka zauna kana ɗinki."

Allurar ta zame daga hannun Labaran. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

"Wallahi ban kashe kowa ba. Ni ko tuƙi ban iya ba."

"To wa ya tuƙa?"

Inuwa ya sauke buhun ya zaro ƙotar gatari. A ƙasan buhun kuma Labaran ya hango bakin adda, irin ta saran rake.

Tsakanin zauren da ɗakin Inna babu komai sai soro guda da labulen buhu. Suna ɗaya zai faɗa, waɗannan mutane su ɗaga labulen nan. Ya ga addar, ya ga wuyan Rilwanu, ya ga Inna tana kallo. Bakinsa ya buɗe, sunan ya zo har kan harshe, ya haɗiye shi.

"Na tambaye ka," in ji Zulkiflu. "In ba kai ba ne, wa ye?"

Labaran ya sunkuyar da kai.

Dukan farko a kafaɗa ya sauka, ya ji kamar an ɗora masa katanga. Na biyu a haƙarƙari, numfashinsa ya ɗauke. Ya faɗi a kan shaddar mutane, Inuwa ya bi shi da ƙafa, a ciki, a baya, a baki. Inuwa kuka yake yi yana dukan, yana kiran Baba, Baba, majina da hawaye sun haɗe masa. Labaran ya ji haƙori ya karye, jini ya cika masa baki, ya tofar a kan farin zaren da ya kwana biyu yana jerawa.

Zulkiflu bai doke shi ko sau ɗaya ba. Ya tsaya yana dube-dube har idonsa ya faɗa kan kututturen icen da ake buga riguna a kai don su yi sheƙi. Ya janyo shi tsakiyar zaure.

"Ba za mu kashe ka ba. Baba bai koya mana kisa ba. Amma hannun da ya riƙe kan keken nan ba zai sake riƙe komai ba."

Ya kama hannun Labaran na dama ya shimfiɗa a kan kututturen, ya taka wuyan hannun da ƙafa. Labaran ya dubi yatsunsa a baje, da kantar allura a jikin manuniya, ya fara roƙo.

"Ku karya ƙafa. Don girman Allah ku karya ƙafa. Da hannun nan nake ci da iyalina."

"Shi ma da ƙafa da hannu yake ci da mu," in ji Zulkiflu. "Na ƙarshe ke nan. Kai ne ko ba kai ba ne?"

A daidai lokacin Labaran ya ji motsi a bayan gida, ya ji tim, ƙarar mutum ya dira daga katanga, sannan gudu. Rilwanu ya ji komai ashe. Ya ji, ya auna, ya zaɓi katanga. Yanzu ko Labaran ya faɗi sunan babu wanda za a yanka a gaban Inna. Amma shekara da shekaru na rufin asiri sun riga sun ɗaure masa harshe, ya rasa ta inda zai fara.

Inuwa ya ɗaga ƙotar da hannu biyu ya sauke.

Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Labaran bai san shi ne ke ihu ba sai da ya ji maƙogwaronsa na zafi. Aka sake saukewa, aka kuma. Babban yatsan ya juya ya kalli inda yatsa ba ya kallo, wani farin ƙashi ya huda fata ya fito.

Ummukulsum ta fito da taɓarya, ko mayafi babu, ta maka wa Inuwa a gadon baya tana kururuwa. Kururuwar ta ci karo da mazan unguwa da ke dawowa daga ɗaurin aure, da manyan riguna da goro a aljihu. Ba wanda ya tambayi ba'asi. Zulkiflu ya ture mutum biyu ya tsere ta lungu. Inuwa suka kama.

Mutanen da ɗazu suke shafa fatiha su ne suka naɗe hannun riga suka rufe shi. Wani da bulo, wani da icen girki, wani da benci. Suka ja shi waje suka kwantar a bakin kwata, kansa ya fashe, idonsa ɗaya ya rufe, yana kare fuska da hannu har hannun ya saki. Labaran ya ja jiki zuwa bakin zaure, hannunsa na lilo, yana cewa ku bar shi, ubansa aka kashe, ku bar shi. Bakinsa cike da jini, ba wanda ya ji abin da yake faɗa. Da ba don liman ya faɗa kan yaron ya rufe shi da rigarsa ba, da gawa 'yan sanda za su tarar.

A asibiti aka ɗinke wa Labaran abin da zai ɗinku. Daga baya mai ɗori ya zo gida ya duba, ya juya hannun, ya ce a ci gaba da addu'a. Labaran ya gane. Zai iya cin tuwo da shi wata rana, amma shi da allura sai kallo. Da aka fita aka bar shi shi kaɗai ya yi kuka, kuka mai sauti, irin wanda bai yi ba ko ranar da mahaifinsa ya rasu.

Wani jami'in ɗan sanda ya zo har gefen shimfiɗarsa, ya yi masa sannu cikin ladabi. Ya ce Inuwa na kwance a asibiti da ankwa a ƙafa, ana neman Zulkiflu. Ya ce shi ma Malam Labaran, in ya ji sauƙi, ana buƙatarsa game da mutuwar Malam Jibril, tunda da kansa ya amsa cewa shi ke kan keken a wurin da lokacin. Sunan gidan da aka yi ta tattali, ga shi za a kira shi a gaban alƙali, kuma a kan rai.

Inna ta shigo bayan tafiyar jami'in, ta zauna daga bakin ƙofa, ta kawar da kai kamar yadda ta saba.

"Allah ya yi wa wannan albarka. Ya riƙe amanar ubansa. Shi babba ne, yana da mutane, Allah zai fitar da shi. Yaron nan kuwa ko kwana ɗaya ba zai iya a kurkuku ba."

Ummukulsum ta tashi ta fita, don in ta zauna za ta faɗi abin da ba a faɗa wa suruka.

Rilwanu bai zo ba. Ya aiko da lemo a leda, da saƙon cewa yana nan lafiya a wurin abokinsa, Yaya ya yi haƙuri, ƙaddara ce.

Ranar da aka fara kwance ɗaurin don a wanke ciwon, da la'asar, Labaran na jingine a tsakar gida, hannun a kan matashi, ya kumbura ya yi baƙi. Ummukulsum ta fara wanke masa shi da ruwan ɗumi, Inna na gefe tana jan carbi. Wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma. Duk su ukun sun san wannan ƙarar.

Ummukulsum ta ɗauka ta duba.

"Karanta," in ji Labaran. "Da ƙarfi, da Hausa."

"Keken ne. Yau da safe, a Ƙofar Kibo. Gudu, da bin hannun da ba nasa ba."

Carbin Inna ya tsaya. Labaran ya rufe ido. A zuciyarsa bai ga Rilwanu ba, wani tsoho ya gani wanda bai taɓa sani ba, a kan keke, da rake a baya. Ya ga kuma akwai wani tsohon a kan hanya gobe, ko mace da goyo, ko ɗan makaranta. Ransa ya ɓaci, ɓacin da ya jima yana taruwa bai samu ƙofa ba.

"A danna masa," in ji Inna a hankali, tana kallon ƙasa. "Wannan kaɗai. Zan yi masa faɗa da kaina."

"Kawo wayar nan," ya ce wa matarsa.

Ta durƙusa ta riƙe masa ita a gabansa. Ga kore, ga ja. Ya dubi hannun damansa, ko motsi yatsan ba ya yi. Ya ɗaga na hagu, wanda bai saba da komai ba, ya kuskure sau ɗaya, sannan ya danna ja.

"Suna tambayar wanda ke tuƙi," in ji Ummukulsum.

"Rubuta. Rilwanu Abubakar, Kwarbai. Ki ƙara da cewa na Ƙofar Doka ma shi ne. Gobe ki raka ni in faɗa da bakina."

Inna ta miƙe tsaye, carbin ya faɗi. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana goye.

"Labaran," ta ce. "Labaran, ɗan'uwanka ne."

Ashe haka sunan yake a bakinta. Ya kai shekara arba'in da wani abu bai ji ba, yau ya ji har sau biyu, kuma ya san ba zai ƙara ji ba. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Aika," ya ce wa Ummukulsum.

Ta aika. Inna ta shige ɗakinta ta saki labule. Ummukulsum ta ajiye wayar, ta janyo kwanon ruwan ɗumi, ta ci gaba da wanke masa hannun.